Tambayoyi da Amsoshi Kan Cire Naitirojin Daga Ruwan Taki: Rufaffen Tanki da Dutsen Zeyolait

Duk inda ake tara shara mai ruɓewa domin a mayar da ita taki, ko ragowar abinci ce, ko kashin dabbobi, ko ganyaye da ciyayi, akwai wani baƙin ruwa da ke tsiyaya daga gindin tulin. Masu aikin sukan sa ido a kan takin su bar ruwan ya bi kwata, alhali kuwa ruwan nan ya fi ƙarfin a yi masa sakaci. Ɗaya daga cikin hanyoyin tace shi ita ce haɗa matakai biyu: a fara da rufaffen tanki wanda iska ba ta shiga, sannan a bi da ruwan ta cikin wani dutse da ake kira zeyolait. Ga tambayoyin da mai son bin wannan hanya ya kamata ya san amsarsu kafin ya fara haƙa rami.

Mene ne wannan ruwan, kuma daga ina yake fitowa?

Mafarinsa uku ne. Akwai danshin da ke jikin sharar tun asali, domin ragowar abinci da kayan lambu galibinsu ruwa ne, sau da yawa fiye da kashi 70 cikin 100. Akwai ruwan da ruɓewar kanta take samarwa. Sai ruwan sama ko wanda ake yayyafa wa tulin, wanda ke ratsawa ya wanko duk abin da ya narke.

Abin da ya wanko ɗin shi ne matsalar. Masu gwajin ruwa suna auna yawan abin ruɓewa da ma'aunin da ake kira COD, wato yawan oksijin da za a buƙata kafin a ƙone dattin da ke cikin lita ɗaya. A ruwan ƙazanta na gidaje wannan ma'auni ɗaruruwan miligiram ne a lita. A ɗanyen ruwan taki kuwa yana iya kaiwa dubu goma-goma. Haka amoniyom yake, wato wata siffa ta naitirojin da ke narke a ruwa: a ruwan gidaje gomiya kaɗan ne, a ruwan taki daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Ga gishiri iri-iri, musamman fotasiyom, wanda za mu dawo kansa domin shi ne ke ɓata lissafin mutane da yawa. Sabon ruwan yakan zo da tsami, tsohon kuwa yakan karkata zuwa ɓangaren kanwa.

Ai naitirojin abincin shuka ne. Me ya sa za a wahala wajen cire shi?

Abincin shuka ne idan ya je gindin shuka da awo. Idan ya shiga rafi ko tafki, labari ya canja. Bakteriyar cikin ruwa suna mayar da amoniyom ya zama naitiret, kuma kowane giram ɗaya na naitirojin yana cin kimanin giram 4.6 na oksijin a wannan sauyi. Ruwan kogi mai ɗumi ba ya riƙe fiye da kimanin miligiram 8 na oksijin a lita. Ke nan lita ɗaya ta ruwan taki mai miligiram 1,000 na naitirojin tana iya shanye oksijin ɗin da ke cikin fiye da lita 500 na ruwan kogi, ba a ma lissafa abin da sauran dattin zai ci ba. Kifi shi ne farkon wanda zai ɗanɗana. Bayan haka naitirojin yana haɓaka gansakuka har ta rufe fuskar ruwa, in ta mutu ta ruɓe ta ƙara cinye oksijin.

Wanda ya nutse cikin ƙasa ma bai ɓace ba. Yakan zama naitiret, shi kuwa naitiret ƙasa ba ta riƙe shi, bin ruwa yake yi har cikin rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, domin kare jarirai 'yan watanni daga ciwon da ke hana jininsu ɗaukar oksijin har fatarsu ta yi shuɗi.

Ana cewa amoniya, ana cewa amoniyom. Abu ɗaya ne?

Fuska biyu ce ta abu ɗaya, kuma duk wanda zai yi wannan aiki dole ya riƙe bambancin. Amoniyom yana narke a ruwa ɗauke da cajin lantarki mai alamar ƙari. Amoniya kuwa iska ce marar caji, ita ce mai warin nan da ke yanka hanci, ita ce kuma mai guba ga kifi ko da ba ta kai miligiram ɗaya a lita ba. Abin da ke raba musu gardama shi ne pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, da kuma zafin ruwan. A zafin digiri 25, idan pH yana 7, amoniya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na jimillar ba. A pH 8 tana kusan kashi 5. A pH 9.25 sun raba daidai. Daga pH 11 kusan duka ya koma amoniya. Ƙarin zafi yana ƙara tura ma'aunin zuwa wajen amoniya.

Shi zeyolait, amoniyom mai caji kawai yake kamawa. Don haka a pH tsakanin 6 da 8 yake aikinsa sosai.

Me ake nufi da ruɓarwa a rufe?

Ana zuba ruwan a tankin da aka toshe wa iska, a bar ƙananan halittun da ba sa buƙatar oksijin su cinye dattin. Rukuni-rukuni suke aiki, kowa na cin abin da na gabansa ya bari. Na farko suna farfasa manyan sinadarai kamar sitaci, mai da furotin. Na biyu suna mayar da gutsattsarin su zama asid. Na uku suna mayar da waɗannan su zama asid irin na ruwan tsami, da haidirojin da iskar kabon. Na ƙarshe su ne masu fitar da iskar metan, su ne kuma masu jinkirin hayayyafa da saurin jin jiki. Iskar da ke fitowa kashi 50 zuwa 70 cikin 100 metan ce, mai kamawa da wuta, kuma kowane kilo ɗaya na COD da aka cire yana ba da kimanin lita 350 na metan. Yawancin tankuna suna aiki a zafin digiri 35 zuwa 37, wasu a kusan 55.

Tankunan iri-iri ne. Akwai mai motsawa, akwai mai shingaye a ciki da ruwa ke zagayawa, akwai wanda aka cika da tsakuwa ko roba domin halittun su maƙale. Wanda ya fi shahara wajen ruwa mai ƙarfi shi ne UASB, inda ruwa ke shiga ta ƙasa ya haura ta cikin laka mai rai. Gatze Lettinga da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 1970.

To wannan tankin nawa yake cirewa daga naitirojin?

Kusan babu. Nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe, saboda suna ganin ruwan ya rage wari da kauri sai su ɗauka komai ya ragu. Kabon ne yake fita, ya tashi a matsayin metan. Naitirojin ba shi da ƙofar fita. Ɗan abin da halittun ke ɗauka su gina jikinsu kaɗan ne ƙwarai, domin halittun da ke rayuwa ba iska ba sa yawan hayayyafa. Abin da ke faruwa ma shi ne naitirojin da ke ɗaure a cikin furotin yana kwancewa ya zama amoniyom. Saboda haka idan ka auna amoniyom a bakin shiga da bakin fita, kada ka yi mamaki in ka ga na fita ya fi yawa. Tankin bai lalace ba, aikinsa ke nan.

Akwai bakteriyar da ke mayar da naitiret ya zama iskar naitirojin idan babu oksijin, gaskiya ne. Amma sai akwai naitiret ɗin tukuna, ɗanyen ruwan taki kuwa ba shi da shi sai ɗan kaɗan.

In haka ne, me ya sa ba za a tsallake tankin a tafi kai tsaye ga zeyolait ba?

Saboda tankin ne ke share wa dutsen hanya. Ɗanyen ruwan taki yana da yauƙi, maiƙo da ɓarɓashi. Idan ya bi ta cikin zeyolait zai lulluɓe ƙwayoyin dutsen, bakteriya su yi kaka-gida a kai, hanyar ruwa ta toshe tun dutsen bai ɗauki rabin abin da zai iya ba. Na biyu, zeyolait ba ya kama naitirojin da ke cikin furotin. Idan aka fara da shi, wannan kason zai wuce salin-alin, ya je can gaba ya zama amoniyom a cikin rafi. Tankin yana tattaro naitirojin duka ya mayar da shi siffa ɗaya tak da dutsen ya iya kamawa. Na uku, tsamin ɗanyen ruwa yana rage ƙarfin zeyolait, tankin da ke aiki lafiya kuwa yakan fitar da ruwa mai pH tsakanin 7 da 8.

Ga kuma ribar makamashi. Tace ruwa mai irin wannan ƙarfi ta hanyar hura masa iska yana cin wutar lantarki mai yawa, ya kuma bar laka tuli. Rufaffen tanki ba ya buƙatar hurin iska, shi ne ma yake ba da iskar girki ko ta janareta.

Sai dai a tsakanin matakan biyu dole a sa wurin da ruwa zai kwanta, ko matatar yashi. Ruwan da ke fita daga tanki yana ɗauke da laka, kuma wannan laka ita ma toshe dutsen take yi.

Yawan amoniya ba zai kashe halittun tankin ba?

Yana iya raunana su sosai. Amoniya marar caji tana ratsa fatar ƙwayar halitta cikin sauƙi, masu fitar da metan ne kuma suka fi cutuwa. Tun a 1964 Perry McCarty na Jami'ar Stanford ya nuna cewa daga miligiram 1,500 zuwa 3,000 na naitirojin ɗin amoniya a lita aiki yana raguwa idan pH ya ɗaga, sama da 3,000 kuwa guba ce. Daga baya an ga cewa halittun da aka saba musu sannu a hankali suna jure fiye da haka, amma waɗannan alƙaluma har yanzu gargaɗi ne mai amfani. Alamar farko ita ce iskar gas ta ragu, asid kuma ya fara taruwa. Maganin shi ne a rage abin da ake zubawa, a sirka da ruwa, a kuma zauna a zafin 35 maimakon 55, tunda zafi yana ƙara kason amoniya.

Wasu sukan zuba garin zeyolait a cikin tankin kansa domin ya ɗauke wani ɓangare na amoniyom, halittun kuma su sami wurin maƙalewa. Yana taimakawa, amma na ɗan lokaci ne. Da zarar ya ƙoshi ya zama tsakuwa kawai, kuma fitar da shi daga cikin laka aiki ne ja. A ganina wannan dabara ce ta ceton tankin da ya fara rauni, ba hanyar cire naitirojin ta yau da kullum ba.

Mene ne zeyolait, kuma yaya yake kama amoniyom?

Ma'adini ne da galibi ya samu daga tokar aman wuta da ta daɗe tana jiƙe a ruwa mai kanwa. Masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ne ya fara bayyana shi a 1756. Akwai nau'i fiye da 40 na asali, akwai kuma waɗanda ake haɗawa a masana'anta domin garin sabulu da matatun mai. Wanda ake nema a wannan aiki shi ne kilinoptilolait, saboda yana da yawa a duniya kuma yana son amoniyom. Ana haƙo shi a Sin, Turkiyya, Amurka, Sulobakiya, Kyuba da wasu ƙasashe.

Jikinsa saƙa ce ta silikon, alminiyom da oksijin, cike da ƙananan hanyoyi waɗanda faɗinsu bai kai nanomita ɗaya ba. Duk gurbin da alminiyom ya zauna a madadin silikon, saƙar tana samun caji mai alamar ragi. Domin a daidaita wannan caji, sodiyom, fotasiyom, kalsiyom ko magniziyom suna zaune a cikin hanyoyin, amma ba a ɗaure suke ba. Idan ruwa mai amoniyom ya ratsa, sai amoniyom ya shiga, ɗaya daga cikin waɗancan ya fita. Kamar masauki ne mai ƙayyadaddun ɗakuna da duk suke cike: baƙo ba ya samun ɗaki sai wani ya tashi. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Dutsen yana da iyakar da in ya kai ba ya ƙara ɗauka, kuma duk abin da ya ɗauka sai ya saki wani abu cikin ruwan a madadinsa.

Kilo ɗaya nawa yake ɗauka?

A lissafin takarda, tsantsar kilinoptilolait yana da gurbin da zai ɗauki kimanin giram 30 na naitirojin a kowane kilo. A aikace ba a kaiwa nan. Dutsen da ake sayarwa ba tsantsa ba ne, ba kuma duk gurabe ne amoniyom ke samu ba. A ruwa na gaske, samun sulusi ko rabin wannan adadi abin godiya ne.

Bari mu yi misali. A ce wurin yana fitar da lita 10,000 a rana, kowace lita da miligiram 1,000 na naitirojin. Kilo 10 na naitirojin ke nan kullum. Idan kowane kilo na dutse ya ɗauki giram 10, ana buƙatar tan ɗaya na zeyolait a kowace rana ta Allah. Wannan lissafi ya kamata kowa ya yi da alƙaluman ruwansa kafin ya sayi ko buhu ɗaya, domin shi ne zai nuna masa ko zai riƙa sauya dutse ne, ko wanke shi, ko kuwa sai ya rage amoniyom ta wata hanya kafin ruwan ya iso wurin dutsen.

Me ya sa sakamakon ɗakin gwaji yake yin kyau, a wurin aiki kuma a ga akasi?

Nan gizo ke saƙar. Gwaje-gwaje da yawa ana yin su ne da tsabtataccen ruwa da aka narka gishirin amoniyom a ciki, inda amoniyom ba shi da abokin takara. Ruwan taki ba haka yake ba. Tun a 1960 masanin nan L. L. Ames ya jera sinadaran da kilinoptilolait ya fi so, kuma a jerin nasa fotasiyom yana gaba da amoniyom, sodiyom, kalsiyom da magniziyom suna baya. Ruwan taki kuwa cike yake da fotasiyom, domin jikin tsirrai ya ƙunshi shi da yawa kuma yana narkewa nan take. Ba abin mamaki ba ne a samu fotasiyom ya kai amoniyom yawa ko ya fi shi. Rufaffen tanki ba ya taɓa shi ko kaɗan. Haka zai iso wurin dutsen ya mamaye gurabe masu yawa. Kalsiyom da sodiyom, duk da suna baya a jeri, idan sun yi yawa su ma suna cin nasu rabon.

Saboda haka kada a dogara da adadin da ke rubuce a jikin buhu, kada kuma a dogara da sakamakon wani wuri. A ɗebi ruwan da ya fito daga tankin wurin, a cika ɗan bututu da dutsen da za a saya, a riƙa ɗiga ruwan ana auna abin da ke fita kullum. Gwajin 'yan makonni ne, kuma zai faɗi gaskiyar da babu takardar da za ta faɗa. Dutse daga mahaƙa biyu ma yakan bambanta ƙwarai ko da sunansu ɗaya.

Yaya ake shirya matatar?

An fi amfani da dogon bututu ko tanki a tsaye, cike da dutsen da aka niƙa aka tankaɗe, girman ƙwaya daga rabin milimita zuwa milimita biyu. Mai laushi ya fi saurin kamawa amma yana toshewa, mai gwaɓi ba ya toshewa amma ruwa yana wucewa kafin amoniyom ya kai cikin ƙwayar. Ruwan ya tafi a hankali, domin musanyar tana buƙatar lokaci. Dutsen yana ƙoshi ne daga bakin shiga zuwa bakin fita, don haka ruwan zai daɗe yana fita da kyau, sai rana ɗaya amoniyom ya fara ɓullowa ya yi ta hawa da sauri. Wanda ba ya aunawa ba zai san ranar ba. Shi ya sa ake jera biyu: idan na gaba ya ƙoshi, na baya yana tare abin da ya kuɓuce, sai a cire na gaban a mayar da na bayan gaba.

Jiƙa sabon dutse a ruwan gishiri kafin a fara yana ƙara masa ƙarfi, domin sodiyom ya fi kalsiyom saurin ba da wuri.

Idan dutsen ya ƙoshi, sai me?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, ita ce kuma aka fi barinta sai ƙarshe. Zeyolait bai lalata naitirojin ba, ajiye shi ya yi. Yanzu yana hannunka a cikin dutse, kuma hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta farko ita ce wanke shi da ruwan gishiri mai kauri. Sodiyom mai yawa yana korar amoniyom daga gurabe, dutsen ya koma aiki, kuma ana iya maimaita haka sau da yawa. Amma yanzu ga ruwan gishiri cike da amoniyom, wanda in aka zubar da shi an gudu ba a tsira ba. Abin da ake yi shi ne a ɗaga pH ɗinsa da soda zuwa wajen 11, a hura masa iska amoniya ta tashi, a kama ta a cikin asid ɗin salfa. Abin da ke fitowa shi ne amoniyom salfet, takin zamani sananne, ruwan gishirin kuma a sake amfani da shi. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba game da wannan hanya. Duk miligiram 14 na naitirojin da dutsen ya kama, yana sakin miligiram 23 na sodiyom. Ruwa mai miligiram 1,000 na naitirojin zai iya fita da ƙarin sodiyom fiye da miligiram 1,600 a lita. Irin wannan ruwa in aka yi ta ban-ruwa da shi yana taurara ƙasa ya hana ta shan ruwa.

Ta biyu ita ce a bar bakteriya su wanke shi. Ana hura iska, bakteriyar da ke mayar da amoniyom naitiret su cinye abin da dutsen ke saki. Ba ta cin gishiri da yawa, amma tana da jinkiri, tana sa ruwa tsami, kuma naitiret ɗin da ya fito shi ma sai an san yadda za a yi da shi.

Ta uku ita ce a kai ƙosasshen dutsen gona, ko a gauraya shi da takin da ya nuna. A cikin ƙasa yana sakin amoniyom da fotasiyom a hankali, ruwan sama ba ya wanke su lokaci ɗaya, yana kuma taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe danshi da abinci. Ga ƙaramin wuri wannan ce na fi gamsuwa da ita, domin a nan fotasiyom da ya dame mu a matata ya zama riba. Kuma naitirojin ba abin banza ba ne: haɗa amoniya a masana'anta ta hanyar Haber da Bosch yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri. Zeyolait yana kama dalma, kadmiyom da sauran ƙarafa masu guba. Idan sharar da aka yi takin da ita gauraye take da batir, fenti ko tarkacen lantarki, sai an gwada dutsen kafin ya taɓa ƙasar noma.

An taɓa yin wannan a babban mataki?

An yi. Matatar Tahoe-Truckee a jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara cire amoniyom da kilinoptilolait a ƙarshen shekarun 1970, a lokacin tana wanke dutsen tana kuma kama amoniyar. Sai dai ruwan ƙazanta na gidaje ne take tacewa, wanda amoniyom ɗinsa bai kai kusa da na ruwan taki ba, kuma bayan an riga an tace shi ta wasu matakai. Wannan ya nuna inda dutsen ya fi ƙwarewa: ruwa mai haske, mai matsakaicin amoniyom, a matakin kusa da ƙarshe.

Babu wasu hanyoyin da suka fi?

Akwai, kowace da inda ta dace. Sananniyar ita ce a hura iska amoniyom ya zama naitiret, sannan a hana iska naitiret ya zama iskar naitirojin ya tashi. Tana kawar da naitirojin gaba ɗaya, amma tana cin wuta, kuma mataki na biyu yana buƙatar kabon, wanda rufaffen tanki ya riga ya cinye. Wasu sukan karkatar da ɗan ɗanyen ruwa ya tsallake tankin domin ya cike wannan gurbi. Akwai bakteriyar anamoks da aka gano a Holan a shekarun 1990, masu haɗa amoniyom da naitirayit, wato matakin da amoniyom ke bi kafin ya zama naitiret, su zama iskar naitirojin ba tare da kabon ba. An gina tankinsu na farko mai girma a birnin Rotadam a 2002. Suna rage cin wuta, amma hayayyafarsu tana da jinkiri ƙwarai kuma suna son ƙwararren mai kula. Ana kuma iya zuba magniziyom da fosfet su haɗu da amoniyom su kwanta a matsayin farin gishirin da ake kira siturubait, wanda shi ma taki ne.

Idan amoniyom ya kai dubbai a lita, ruwan kuma da yawa, abin da ya fi ma'ana shi ne a fara korar mafi yawansa da iska a pH mai tsawo, a kama shi a asid, a sauko da pH, sannan zeyolait ya kwashe ragowar. Ɗora wa dutsen kayan duka shi kaɗai ne ke sa a ce bai yi aiki ba.

Ruwan da ya fito daga zeyolait ya tsarkaka ke nan?

A'a. Ba na sha ba ne, ba na wanka ba. Launinsa zai kasance ruwan ƙasa-ƙasa saboda sinadaran ruɓaɓɓen ganye da tanki bai iya narkarwa ba. Gishiri yana nan. Fosfet da naitiret suna da caji mai alamar ragi, don haka dutsen asali ba ya kama su. Tanki mai zafin 35 ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka, ƙwan tsutsar ciki ma yana jurewa. Kafin a sake shi cikin rafi ana buƙatar ƙarin mataki kamar tafkin tacewa ko fadamar da aka gina aka shuka mata ciyayi, a kuma auna shi da ƙa'idar hukumar muhalli ta ƙasar da ake ciki.

Waɗanne haɗura ne ma'aikata za su kiyaye?

Metan tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, don haka ba wuta, ba taba kusa da tanki. Wadda ba a yi amfani da ita ba, sai a ƙone ta, domin in ta tashi haka tana ɗumama duniya kusan ninki 28 na iskar kabon a tsawon shekara 100. Akwai kuma iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi alhali tana gab da kayar da shi. Kada kowa ya shiga tanki ko rami, ko da an kwashe shi, sai an auna iskar ciki, an hura sabuwa, kuma akwai mai tsaro a waje.

Ƙurar dutsen tana buƙatar takunkumin hanci. A kuma nemi shaidar cewa babu eriyonait a cikinsa. Wannan wani nau'in zeyolait ne mai zare-zare, wanda ya haddasa kansar fatar huhu a wasu ƙauyukan yankin Kafadokiya na Turkiyya. Soda da asid kuwa suna ƙona fata da ido, safar hannu da tabarau ba zaɓi ba ne.

Ana iya rage ruwan tun daga tushe?

Sosai ma, kuma nan ne aiki ya fi sauƙi. Rufi a kan tulin yana hana ruwan sama shiga, daɓen siminti mai gangara yana tattara abin da ya tsiyaya wuri ɗaya, kwata ta daban kuma tana kewayar da ruwan sama mai tsabta kada ya gauraya da na taki. A haɗa jiƙaƙƙiyar shara da busassun kaya irin su kara, ɓuntu ko garin katako, har kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30, danshi kuma ya tsaya tsakanin kashi 50 da 60 cikin 100. Tulin da aka haɗa haka yana riƙe naitirojinsa a jikin takin, ba ya zubar da shi a ruwa.

Ana kuma iya mayar da wani ɓangare na ruwan kan tulin da ya bushe. Amma a yi hakan a farkon ruɓewa kawai, lokacin da zafin ciki zai haura digiri 55 ya kashe ƙwayoyin cuta. Takin da ya riga ya nuna ba a zuba masa ɗanyen ruwa, kuma a riƙa auna gishirinsa, domin kowane zagaye yana ƙara tara shi a cikin tulin.